Riga Mai Lamba Bakwai

Ni tela ce, kuma ba tun yau ba. Na ɗinka kayan amare, na ɗinka kayan ƴan lekwal, wato makarantar boko, har labulen masallacin unguwarmu ni na yi shi. Amma ban taɓa karɓar aikin da ya ci mini rai kamar rigunan ƴan balon nan ba, ƴan ƙwallon ƙafa nake nufi. 

Ƴan garinmu da ke biɗa, wato ci-rani, a Abijan ne suka kawo maganar. Kowace damina in sun dawo noma suna shirya gasar balo tsakanin unguwanni, a filin bayan lekwal. Waccan shekara sai suka ce za su karrama ƙungiyar da ta fara buga balo da sunan garin, tun ba a haife ni ba. Suna son ranar rufe gasa tsofaffin su fito fili cikin riguna irin nasu na da, sak, ba na roban nan da ake zubawa a kasuwar Tamaske ba. Shugaban matasan ƙanen ƙawata ne, mutum mai yawan murmushi da waya biyu a hannu. Shi ya zo har zaurena da wani tsohon hoto cikin leda.

Ya ce, "Yaya, ke muka ga ya dace. Ga ki tela, ga ki ɗiyar ɗaya daga cikinsu."

Gaskiya ya faɗa. Babana yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, shi ne mai lamba bakwai, ɗan gaba ta hannun dama. Da labarin muka tashi a gidanmu, yadda suka je Kaita da ƙafa suka ci ƴan can, yadda ƴan Buza suka bi su da jifa. Amma lokacin da nake ba ku labari hawan jini ya riga ya buge shi. Hannunsa na hagu ya ƙandare ya naɗe a ƙirji, maganarsa tana fita da ƙyar, ba ya zuwa ko'ina sai masallacin Juma'a, shi ma sai an riƙa shi. Mutumin da ya yi noma ya yi biɗa har kurmi ya koma zaman tabarma, yana kallon kaji.

Wata rana na faɗa masa za a fito da su fili. Washegari na tarar ya sa an kira wanzami ya yi masa aski. Daga nan kullum da safe sai ya ɗauki sandarsa ya taka daga ƙofar ɗaki zuwa gindin bedin ƙofar gida, ya huta, ya dawo. Yana auna ƙafarsa ne, ko za ta kai shi tsakiyar fili. Na daɗe ban ga yana son wani abu a duniyar nan ba, sai wannan.

Hoton kuwa baƙi da fari ne, ya koɗe, gefe guda gara ta taɓa. Samari goma sha ɗaya, wasu a tsaye wasu a tsugune, ƙafafu ba takalmi. Ana ganin yankan riga, ana ganin lamba, don telan lokacin a ƙirji ya ɗinka ta, wai ai mutum ta gaba ake gane shi. Launi ne ba a gani. Na sa aka tara mini tsofaffin da suka rage a zaure, na dama musu fura, na ce su faɗa mini launin rigarsu. Allah ya kiyaye ku da tara tsofaffi kan maganar ƙuruciya. Wannan ya ce tsanwa ce. Wancan ya rantse baƙa ce. Wani ya ce yana tuna ratsi ja a kafaɗa, ashe rigar ƴan Madawa yake tunawa. Tsohon golansu, wanda muke kira Kawu, kunnensa ya yi nauyi, duk wanda ya yi magana sai ya ce, "Haka ne." Suka shanye mini fura suka tashi, ban ƙaru da komai ba.

Baba ne ya warware mini, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya. Akoko ne, farin yadin nan mai arha. Aka ɗinka aka kai marina aka tsoma a shuni. In suka yi gumi sai shunin ya zuba, su dawo gida jiki duk shuɗi, uwayensu na faɗa. Lamba kuwa da farin ƙyalle aka yanka aka ɗora.

Sai da na koma kan hoton don in ga yadda aka yanka lambar na lura Baba ba ya ciki. Na bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, na sa tabarau na sake bi. Ga lamba bakwai nan a tsugune a gaba, amma a ƙirjin wani siririn saurayi mai manyan kunnuwa. Na gane kunnuwan. Alhaji ne mai babban kanti a bakin tasha.

Na ce, "Baba, ina kuke ranar nan?"

Ya ce, "Biɗa."

A nan ya ba ni labarin al'adarsu. Riguna ba na mutum ba ne, na gari ne, a akwatin mushe, malamin lekwal, suke kwana. In an gama girbi, duk wanda zai tafi biɗa sai ya wanke tasa ya mayar. Waɗanda suka rage a gari, ƙanne da ƴan lekwal, su ɗauka su yi ta bugawa da rani. Da an yi ruwan shuka masu riguna sun dawo, kowa ya je ya ɗauki lambarsa, ba gardama, ba ko magana. Wasannin gaske duk da damina ake yi. Shi kuwa mai ɗaukar hoto daga Tawa yake zuwa, kuma da damina koramu sun yanke hanya, mota ba ta shigowa. Da rani ya zo. Ya tarar da ƴan riƙon ƙwarya, ya jera su, ya ɗauka. Cikin sha ɗayan nan, in ka cire Kawu da wasu biyu da ba su tafi ba shekarar, sauran duk aron riga suka yi.

Na yi dariya na ce ai kowa ya san wannan. Na ɗauka kowa ya sani.

Na shiga aiki. Da farko na gwada galurar kasuwa don in huta, na rina ƙyalle na kai wa Baba. Ya dube shi ya kau da kai. Ya ce wannan launin bokitin roba ne. Marinar garinmu kuwa tuni ta mutu, ramukan sun cika da shara, awaki ke kwana a kai. Na yi ta tambaya har aka kwatanta mini wani tsoho a wani ƙauye ta wajen Buza da har yanzu yake da rami ɗaya mai rai. Na hau motar ƴan kasuwa, a bisa buhunan albasa, hanya duk duwatsu, na isa ƙugu kamar ba nawa ba. Tsohon ya ce in bar kaya in dawo. Na dawo ya ce shuni bai nuna ba. Na sake dawowa ya tafi jana'iza. Da na samu kayan a ƙarshe sai ga su baƙi ƙirin kamar rawanin Buzaye, don shi a ganinsa rinin da bai yi duhu ba abin kunya ne ga marini.

Da na kai gida Baba ya ce, "Ya yi yawa. Namu da haske. Talakawa muke, sau biyu aka tsoma."

Na sayi wani akokon na koma. Na zauna a bakin ramin ina gadin tsohon nan kamar mai gadin gona, yana tsomawa na biyu na ce ya isa. Ya ce zan ɓata masa suna. Na ce, "Dattijo, ku ɓata, ni na ɗauka." Har na tafi bai amsa sallamata ba.

Sai ɗinki. Na yanka wuya zagaye, Baba ya ce tsagagge ne, da igiya. Na farke. Na sa igiyar kanti, ya ce tufkar hannu ce. Na zauna na tufka. Na ɗinka lamba da keke, ya shafa da yatsa ya ce da hannu aka yi, ana jin tudun zare. Wata rana na ajiye almakashi na ce, "Baba, don Allah wa zai matso ya shafa ƙirjin tsofaffi ya ji tudun zare?" Ya dube ni kawai. Na ɗauki allura. Kayan Sallar mutane suna jibge a kan tabarma, mata na aiko yara suna zagina a fakaice, ni kuwa ina nan ina ɗinka bakwai da tara da hannu kamar wadda aka yi wa asiri. Haushi nake ji, amma in na kai masa ya shafa ya gyaɗa kai, sai in ji sanyi a raina.

Saura kwanaki kaɗan shugaban matasa ya zo ganin kaya. Ya ɗaga riga ya juya ta, ya ɗauki hotonta da waya ya tura Abijan, ya yi ta sa albarka. Sai ya fara faɗa mini wa zai sa wacce. Masu rai su sa nasu, waɗanda suka rasu ɗiyansu maza su sa a madadinsu. Da ya zo bakwai ya ce Alhaji, kuma a ɗan buɗa masa ita ta ciki.

Na ce, "Bakwai ta Baba ce."

Murmushin bai bar fuskarsa ba. Ya ce kwamiti ya zauna ya yanke, waɗanda ke cikin hoto za a bi. Na ba shi labarin akwatin mushe, da biɗa, da koramu, da mai hoton Tawa, tiryan-tiryan. Ya saurara da ladabi, wayoyinsa na ta ƙara.

Ya ce, "Yaya, ban ƙaryata ki ba. Amma gani ya kori ji. Tun da maganar ga ta fito, gida nawa aka aiko mana cewa tsohonsu ma ya buga? In muka buɗe ƙofa, rabin gari za su shigo fili. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai."

Na ce, "Kai da bakinka ka ce ka kawo mini aikin ne don ni ɗiyar ɗaya daga cikinsu ce."

Ya ce wallahi lokacin bai duba hoton da kyau ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, su da suka yanke hukuncin duk ƴan biɗa ne. Kowannensu ya san abin da ake nufi da a yi abu a gari ba ka nan. An yi sunan ɗiyansu ba su nan, an rufe uwayensu ba su nan. Na faɗa masa haka, na ƙara da wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ya tattara wayoyinsa ya fita yana cewa in yi haƙuri.

Na yafa gyale na tafi kantin Alhaji. Ba mugun mutum ba ne, shi ya sa ma abin ya fi ciwo. Ya sa aka kawo mini kujera da ruwan sanyi, ya tambayi jikin Baba.

Na ce, "Alhaji, rigar da ke jikinku cikin hoton nan ta wa ce?"

Ya yi dariya ya ce, "Ta babanki ce, ɗiyata, wa zai musa? Har ƙasa take kai mini. Rani ɗaya na sa ta, da ya dawo ko kallona bai yi ba ya ɗauke abinsa."

Na ce to ya faɗa wa kwamiti haka. Ya ja carbinsa. Ya ce jikokinsa sun riga sun ji, har na Yamai za su zo. Ya ce shi bai roƙa ba, zuwa aka yi aka same shi. Ya ce in an ba shi abin magana ranar zai ambaci Baba da bakinsa, in Allah ya so. Na tashi ban sha ruwan ba.

Kawu ne ya rage. Na same shi a gindin rumbu yana gyaran kalmensa na noma. Na yi ta ɗaga murya a kunnensa har maƙwabta suka leƙo. Da ya gane sai ya ajiye kalmen, ya ce babanki ai shi ne ƙungiyar, shi ya tara mu, shi ya ɗauki rigunan a ka ya kai marina. Na ce to ku zo ku faɗa gaban matasa. Ya ce, "Haka ne." Bai zo ba. Daga baya aka ce mini ɗansa yana cikin kwamitin.

Baba ya ji, don a garinmu magana ba ta kwana. Bai tambaye ni ba, ni ma ban tayar ba. Sai dai na ga da safe sandar tana jingine, bai taka zuwa gindin bedi ba. Ranar na ji kamar in kwashe rigunan in zuba a murhu. Da na huce sai na duba sauran yadin da aka rina, na ga zai fitar da riga ɗaya. Na yanka a kan asalin yankan, ban buɗa ko'ina ba, don shi Baba bai yi tumbi ba, ƙara ramewa ma ya yi. Na ɗora mata bakwai da hannu. Na kai masa na shimfiɗa a cinyarsa.

Na ce, "Ranar nan za ku sa ta, in riƙa ku mu shiga fili. In akwai wanda uwarsa ta haifa, ya zo ya fitar da mu."

Ya ce ba a shiga fili da lamba ɗaya mutum biyu. Na ce ba wasa za ku buga ba. Ya ce mutane za su yi magana. Na ce su yi, bakinsu ne. Ya daɗe yana shafa lambar. Sai ya ce in miƙo masa sanda.

Ranar rufe gasa an yi ruwa da safe, gari ya yi sanyi, bayan azahar rana ta fito. Tun kafin la'asar ake jin lasifika daga filin lekwal, kiɗa da surutun mai gabatarwa. Na aika da riguna sha ɗaya, na ce ban da lafiya ba zan kai da kaina ba. Na zo na tarar Baba ya yi wanka, ya shafa turare, yana zaune a bakin gado da wando, yana jirana.

Na zura masa kai ta wuyan rigar. Na sa hannun dama ya shige. Na kama na hagu. Tun da ciwon ya same shi manyan riguna yake sawa masu buɗaɗɗen gefe, ana yafa masa ne kawai, ban taɓa gwada sa hannun nan cikin hannun riga ba. Gwiwar hannun ta ƙi miƙewa. Na ɗaga rigar na juya, na gwada fara sa na hagun, akoko ba ya miƙewa kamar roba, ramin hannun kuwa ƙarami ne irin na samarin da. Na ja a hankali, na ga ya cije leɓe, gumi ya keto masa a goshi. Na sake gwadawa ta ƙasa. Ya yi wani nishi da ban taɓa jin ya yi ba ko ranar da ya faɗi.

Na ce, "Ku tsaya, abu mai sauƙi ne." Na ɗauko reza a kan taga. Zan farke gefen hagu daga hammata zuwa ƙasa, in yafa masa, in kama da allura daga ciki, ba mai ganewa.

Ya riƙe mini hannu da hannunsa mai lafiya. Ashe har yanzu da ƙarfi a ciki.

Ya ce, "Kar ki ɓata ta."

"Baba, ni na ɗinka ta. Gobe in mayar."

"Ba haka take ba."

Na ce wa zai sani? Na ce na hau buhun albasa, na yi faɗa da marini, na yi faɗa da kwamiti, na ɓata da masu kayan Sallah, yanzu kuma kan ɗinki ɗaya za mu zauna? Na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba, ina magana ina hawaye don haushi. Haushin kwamiti, da Alhaji, da Kawu, da mai hoton da ya ji tsoron korama, da shi kansa Baban. Har yau ban sani ba ko rigar yake karewa, ko kuwa ya hango kansa ne a tsakiyar fili da riga a farke ana nuna shi. Bai saki hannuna ba.

Sai kiɗan ya tsaya. Mai gabatarwa ya gyara murya ya ce yanzu za a kira gwarazan farko.

Baba ya ce, "Yi shiru in ji."

Na yi shiru. Yana zaune, kai a cikin riga, hannu ɗaya a ciki, ɗayan hannun rigar yana reto a kafaɗarsa. Aka kira Kawu, aka yi tafi. Aka kira na biyu, aka ce Allah ya jiƙansa, ɗansa ya fito. Duk sunan da aka kira sai in ga leɓen Baba ya motsa, yana faɗin sunan mai rigar na gaske. Aka zo bakwai aka kira Alhaji, tafin ya fi na kowa. Leɓen bai motsa ba. Aka gama sha ɗaya. Aka ba Alhaji abin magana, ya gode wa matasa, ya gode wa ƴan Abijan, ya yi addu'ar damina mai albarka. Baba ya karkata kunne yana jira. Aka mayar da kiɗa.

Ya saki hannuna.

Ya ce, "Cire mini. Ki ninke ta da kyau."